Makullin Yaya a cikin kayan gado

Yayana ba ya shiga saba sai ya yi sallama. Zai gyara zama a kujerarsa ta roba, ya buɗe baƙin allo, ya rubuta umarnin shiga, kafin ya danna sai ka ji ya ce assalamu alaikum a hankali, kamar mai tsaye a ƙofar zauren mutane. Farkon zuwana shagonsa a Gusau na ɗauka da wani yake, har na waiga. Da na gane da kwamfuta yake, na yi dariya har da riƙe ciki, na kuma daɗe ina tsokanarsa da abin. Bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake gidan mutane ne, ko ba kowa a tsakar gida ai ba a faɗa wa gida haka kawai.

Aikinmu shafukan intanet ne. Ƙananan makarantun kuɗi, wani kantin magani, ƙungiyar dillalan hatsi, irin waɗannan su ne mutanenmu. Shafukan ba a shagonmu suke kwana ba. Suna cikin wata babbar kwamfuta da Yaya yake haya a wata ƙasa da ko a mafarki ba mu taɓa zuwa ba, ita ake kira saba. Daga kujerar robar nan yake shiga cikinta ta hanyar da ake ce wa SSH, hanya ce rufaffiya, duk abin da ka rubuta ba mai iya karanta shi a tsakani. Ba hoto, ba ado, baƙin allo ne kawai da fararen haruffa. Ka rubuta umarni ta bi, ka rubuta shirme ta yi maka shirmen tsaf, ba ta tambayar ko ka tabbata.

Ni daga ƙauyenmu 'Yankuzo aka kawo ni, in riƙa buga wa mutane takardu. Na gama makaranta na zauna gida ina faɗa da kowa, har Inna ta ce wa Yaya ya tafi da ni ko kunnenta ya huta. Buga takardu bai riƙe ni ba. Kullum idona yana kan baƙin allon nan, ina tambayar wannan fa, wancan fa, har ya gaji ya jawo mini kujera. Mutum ne mai sanyin hali, ni kuwa wuta ce, amma a gaban allon nan mun fi daidaitawa fiye da ko'ina. Idan na yi kuskure ba ya karɓe aikin daga hannuna. Sai ya harɗe hannu ya ce in karanta abin da ta ce mini, ai ba ta ɓoye komai ba, ni ce ba na karantawa. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin yake ba ni haushi.

Shi ya fahimtar da ni zancen makulli. Ya ce kowane mai shiga yana ƙera wa kansa abu biyu, kwaɗo da makullinsa. Kwaɗon layin rubutu ne mai tsawo, shi ake kaiwa can a maƙala, kowa da 'yar ƙofarsa, ko duk duniya ta ga kwaɗon ba komai. Makullin kuwa yana zaune a cikin kwamfutarka, ba ya fita, ba a ara wa kowa. Duk sabar da ya karɓa, abin da yake fara yi shi ne toshe ƙofar kalmar sirri, don dare da rana akwai na'urori daga sassan duniya da ke bi ƙofa ƙofa suna gwada sa'a. Ya taɓa nuna mini jerin masu ƙwanƙwasawar. Yana da dokoki da yake maimaitawa har na haddace ina kwaikwayon muryarsa. Kada in rufe ƙofar da na shigo sai na ga sabuwar ta buɗe. Wanda kuma ya bar aiki, ranar ake cire kwaɗonsa, ko ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Wata rana da tsokanata ta ishe shi, ya ce in zo in gani. Ya yi sallamarsa, ya danna, sai ga rubutu ya fito a saman allon: Wa alaikumus salam. Shigo. Kayan mutane ne a ciki, a taka a hankali. Ashe ya zauna ya rubuta wa sabar amsa, ya sa ta riƙa nuna wa duk wanda ya shiga. Ya dube ni yana murmushin mugunta ya ce to ga shi ta amsa, saura me. Na ce ko waƙa za ta yi ni ba zan gaida inji ba. Haka muka ci gaba, shi yana sallama, ni ina faɗawa kai tsaye, ita kuma tana amsa mana duka.

A daminar da ya rasu ya karɓi sabuwar saba, don tsohuwar ta yi mana kaɗan. Ya kwashe komai ya mayar can, ya toshe ƙofar kalmar sirri kamar yadda ya saba, ya maƙala kwaɗonsa. Nawa ya ce sai ya dawo daga gida, don an fara yankan gero kuma Inna tana ta aike. Ya ɗauki laftop ɗinsa ya tafi 'Yankuzo. Zazzaɓi ne ya kama shi a can. Aka kai shi asibiti a Tsafe, kafin in gama shirin tahowa an bugo mini waya. Ba zan iya rubuta ranar nan ba, ko yanzu ma. Na yi rashin yaya, na yi rashin malami, na yi rashin mutum ɗaya da yake jure bakina ba ya ƙosawa.

Bayan an share makoki na koma Gusau na buɗe shago, don zaman gida yana neman haukata ni. Shafukan suna ta aikinsu ba su san an yi mutuwa ba. Sai ƙarshen zangon karatu ya zo, Hajiya mai wata makaranta a Bungudu ta bugo mini. Ta yi mini ta'aziyya sosai, har muryarta ta karye, sannan ta ce shafinsu ya daina buɗewa. A shafin nan iyaye suke duba sakamakon 'ya'yansu, a ciki kuma sakamakon shekarun baya yake gaba ɗaya. Na san ciwon tun kafin ta gama bayani, wurin ajiya ne ya cika, aikin da ba ya kai tafasar shayi. Na buɗe baƙin allo, na rubuta umarnin shiga, sabar ta ce ba ta san ni ba. A lokacin na tuna. Makulli ɗaya ne tak a duniya yake buɗe ta, yana cikin laftop ɗin Yaya a 'Yankuzo.

Na nemi kamfanin da ke ba mu hayar. Sun yi mini magana da mutunci, amma hayar da sunan Yaya take, sai an kawo takardun kotu da na asibiti da wasu abubuwa da za su ci watanni. Ban ga laifinsu ba, da sun buɗe wa duk mai kuka a waya da Yaya bai zauna da su ba. Hajiya ta sake bugowa. Wannan karon ta gaya mini abin da ya hana ni cin abinci: wasu iyaye sun fara cewa mai shafin ya mutu ya tafi da sakamakon 'ya'yansu. Mutumin da ke yi wa inji sallama don kayan mutane ne a ciki, shi ake cewa ya tafi da kayan mutane. Washegari da hantsi na shiga motar Tsafe, don a shekarun nan ba mai bin hanyar nan idan rana ta karkata, saboda 'yan bindiga.

Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba, kuma shi aka ɗora wa kula da abin da Yaya ya bar wa matarsa da 'ya'yansa har a yi rabo. Manomi ne, bai taɓa riƙe wayar da ta wuce mai tocila ba. Ya tattara kayan Yaya duka, babur, tufafi, takalma, laftop, ya zuba a ɗaki ɗaya ya datse, makullin yana ɗaure a zariyar wandonsa. Na same shi a zaure yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Gusau, na amsa ina ta ƙaiƙayin in kai ga abin da ya kawo ni. Da na ce laftop ɗin nake so a ba ni, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ba a taɓa kayan marayu, ɗiyata. Ko allura ba ta hita ɗakin ga sai an yi rabo."

Raina ya ɓaci, na kuwa fara zuba. Na ce ba sata zan yi ba, na ce makaranta guda tana jira, na kawo zancen saba da SSH da wurin ajiya da ya cika. Ya bar ni na yi ta yi har na ji kunyar muryata. Inna ta leƙo daga cikin gida ta harare ni ta koma. Da na yi shiru sai ya ajiye igiyar, ya ce in bar masa Turanci, in gaya masa abu ɗaya.

"Wanga abu da kinka hwaɗi, nashi na, ko na mutane na?"

Na ce laftop ɗin nasa ne. Amma akwai makulli a ciki, makullin ɗakin da mutane suka ba shi ajiyar kayansu, kuma kayan ba nasa ba ne, ba nawa ba ne. Baffa ya gyara zama. Ya ce lokacin da Babanmu ya rasu an sami dawar wani Bafulatani a rumbunsa, sai da aka nemo mai ita har rugarsu aka auna masa kayansa kafin a taɓa ko dami ɗaya. Ya ce ashe ajiya ce, ajiya kuwa ba ta shiga gado, kuma barin ta a kan mamaci nauyi ne a kansa. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Tun ranar jana'iza ban ga ya nuna komai ba sai a wannan lokacin.

Amma yardar Baffa da sharuɗɗanta ta zo. Laftop ba zai bar hannunsa ba, ba zai kwana a waje ba, ba za a cire komai daga cikinsa ba, kuma ajiya ba a mayar da ita sai a gaban shaidu. Ya aika aka kira liman, ya aika cikin gida aka sanar da matar Yaya da ke takaba, ta aiko cewa ta yarda. Da aka fito da laftop ɗin babu ko ɗigon caji. Baffa ya naɗe shi a cikin darduma, ya rungume, ya kai shagon mai cajin waya da kansa, ya zauna a gefensa a kan benci har ya cika, kamar mai jinyar mara lafiya. Mutane suna wucewa suna gaishe shi, yana amsawa hannunsa ɗaya a kan dardumar. Ina tsaye daga nesa haushi da dariya suna kokawa a cikina.

Sabis ɗin waya a garinmu wuri ɗaya yake kamawa sosai, wani tudu a bayan gari inda akwai tsohuwar tsamiya. Can muka nufa bayan azahar, Baffa a gaba da dardumarsa, liman a bayansa, ni a ƙarshe da nawa laftop ɗin a jaka. Gonaki duk an yanke, sai karan gero a kwance da awaki suna kiwo. Aka shimfiɗa tabarma. Baffa ya ɗora laftop ɗin a kan cinyarsa ya juyo mini da fuskarsa, a haka zan yi aikin. Na fito da filash, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, mai ɗauke da kwaɗona, ya ce tsaya. Ya karɓa ya jujjuya shi, ya miƙa wa liman shi ma ya jujjuya. Na rantse musu ba ɗauka zan yi ba, sakawa zan yi. Liman ya ce in dai ƙari ne ba ragi ba, bai ga matsala ba.

Na haɗa da intanet ɗin wayata, na buɗe baƙin allo. Madannan sun goge a wuraren da yatsun Yaya suka fi taɓawa, ban taɓa lura ba sai ranar. Na rubuta umarnin shiga, na sa kalmar da ke tsare makullin, wadda ya sa na haddace tun tuni, na danna. Sabis ya yi ta jan ƙafa. Sai ga rubutun ya fito. A ƙasansa kuma layin da sabar ke nuna ranar da aka shiga ta ƙarshe, ranar da ya bugo mini daga gona yana cewa kansa yana ɗan sara masa. Hannuna ya tsaya a kan madannan.

"Mi yac ce?" in ji Baffa.

Na karanta musu. Wa alaikumus salam. Shigo. Kayan mutane ne a ciki, a taka a hankali. Na ce Yaya ne ya rubuta, shi ya koya mata. Liman ya sunkuyar da kai. Baffa ya daɗe yana kallon fararen haruffan da ba ya iya karantawa, sannan ya dube ni.

"Ke ba ki yi sallama ba, shi ko ya amsa maki."

Na mayar da idona kan allon. Na share tarkacen da ya cika wurin ajiyar, na tayar da shafin makarantar, na duba a wayata na ga ya buɗe. Na maƙala kwaɗona a ƙarƙashin nasa. Ban rufe ƙofar da na shigo ba, na buɗe nawa laftop ɗin a kan tabarma na gwada, ta karɓe ni. Na ce musu an gama. Baffa ya tambaya ko ajiya ta koma hannun masu ita gaba ɗaya, ba sauran komai a kan mamaci.

Da saura, kuma na sani. Laftop ɗin nan za a yi masa kuɗi a rabo, ya faɗa hannun wani, wataƙila ya ƙare a teburin mai gyara a kasuwar Tsafe da makullin a cikinsa. Tun a mota na tsara abin da zan yi: in goge makullin daga laftop ɗin, in bar kwaɗon Yaya a can yana rataye har abada, layinsa a saman nawa, da sunansa a ƙarshe kamar yadda ya rubuta. Na roƙi Baffa ya bar ni in goge abu ɗaya tak, ɗan ƙarami, wanda ba zai rage wa laftop ɗin daraja ba. Ya girgiza kai. Ya ce ya yi alkawari a gaban liman ba za a cire komai ba, kuma ba shi da ikon yafe ko ƙwayar gero daga kayan yaran nan. Ya tambaya ko babu wata hanya. Na ce akwai, sai dai a cire kwaɗonsa daga ƙofar. Ya ce shi mai shi, da yana nan, me zai yi. Na ce ranar yake cirewa, ko ɗan uwansa ne.

Na buɗe wurin da ake maƙala kwaɗo daga nawa laftop ɗin. Layi biyu ne kawai, nasa da nawa. Na kai kan nasa, na karanta sunansa a ƙarshen layin, na goge, na adana. Dokar aiki ta ce a gwada, don haka na juya ga laftop ɗin da ke cinyar Baffa, na fita, na sake rubuta umarnin shiga da makullin Yaya. Sabar da ya karɓa da hannunsa, ya share, ya koya wa gaisuwa, ta ce masa ba shi da izini. A nan kukan ya ƙwace mini, a gaban liman da awakin mutane, ban kuma damu ba. Baffa ya rufe laftop ɗin a hankali ya mayar cikin darduma. Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya ce ya shaida an sauke nauyi.

Kafin mu tashi Baffa ya ce in sake buɗe nawa, yana so ya ga ko har yanzu ana amsawa. Na goge fuskata da mayafi, na rubuta umarnin. Na kai yatsa zan danna, ya ɗaga mini hannu yana jira. Na gane abin da yake jira. Na ce assalamu alaikum, na danna, amsar ta fito. Ya sa na karanta masa har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

Hajiya ta bugo kafin mu kai gida, tana ta sa albarka, ta ce iyaye sun fara ganin sakamako. Laftop ɗin ya faɗa rabon babban ɗan Yaya, an adana masa sai ya girma. Daga baya na kammala takardun haya, na kuma sauya saba fiye da sau ɗaya, kowace ƙaura ɗan rubutun amsa sallamar nan nake fara ɗauka kafin shafin kowa. Baffa ya tsufa sosai yanzu, idonsa ya yi rauni, ba ya zuwa gona. Duk lokacin da na je gida na durƙusa gaishe shi, ba ya tambayata ciniki, ba ya tambayata Gusau. Sai ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Shina amsawa har yanzu?"

Nakan ce yana amsawa, Baffa. Sai ya ce to, ki riƙa yi mai sallama.